Jan Ƙyalle a Layin 'Yan Shuɗi

Wendell yana zaune a keken guragu a ƙofar gidansu da ke Compton a Amurka, yana kallon ƙanensa Cleon yana koyon ɗaure fuska. Kai, duniya! Yaron da ya tashi cikin mawaƙan coci, ko ɓera bai taɓa kashewa ba, wai shi ne yake rera yadda yake bindige mutane kafin karin kumallo. Shi kuwa Wendell, da ya yi dabar gaske har harsashi ya zauna masa a ƙashin baya, ba wanda ya taɓa neman jin ta bakinsa.

Ran nan Mista Halvorsen, baturen kamfanin faifai, ya zo ɗaukar hoton bangon kaset. Ya zaro jan ƙyalle daga jaka.

"Ɗaura wannan a ka. Ja ya fi fitowa a hoto."

"Kai, Cleon!" Wendell ya daka tsawa. "Layin nan na 'yan daba masu shuɗi ne, ja kuwa kalar abokan gabarsu ce. Ka ɗaura ja a nan, ka ɗinka wa kanka likkafani."

"Haba Yaya, yanzun nan za a gama."

Baturen ya washe baki. "Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Kala ce kawai."

"Ɗan'uwan wa? Mu biyu uwarmu ta haifa."

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Cleon ya ɗaura, ya riƙe bindigar aro kamar mai riƙon cokali, aka ɗauka. Baturen ya kulle gilashin motarsa ya gudu tun rana ba ta faɗi ba.

Kaset ya yi kasuwa. 'Ya'yan masu kuɗi, waɗanda ko ƙarar bindiga ba su sani ba, suka yi ta rububinsa. 'Yan layi ma sun ga hoton: ja, a tsakiyar unguwarsu. Suka aiko da saƙo cewa ranar da Cleon ya sake tako layin, ranar za a yi jana'izarsa.

Da Mamansu ta kwanta ciwo a gida ya tsananta, Cleon ya bugo waya daga otel ɗin da yake fakewa.

"Yaya, ka roƙar mini su. Ina so in ganta."

"Na roƙa. Sun ƙi."

Sai ga wata mota tana wucewa a hankali, muryar Cleon ta kaset tana tashi daga cikinta, yana cika bakin babu ɗan da ya isa ya hana shi shiga unguwarsu. Wendell ya miƙa wayar saitin taga, sannan ya dawo da ita kunne.

"Ka ji? Ai ga ka nan ka shigo."