Mataki Huɗu a Tanki na Uku

Kek ɗin ne ya fara ɓata mini rai. Ranar da jirgin ruwanmu na dakon mai ya cika kwana dubu ba a yi haɗari ba, kuku ya yi katon kek mai kirim, ya rubuta suna ɗaya a kai da jan jam: Steinar. Kyaftin Hjelle ya ɗaga kofin kofi ya ce albarkacin babban mataimakinsa ne, kowa ya tafa. Ni ma na tafa, amma ban cinye yankan da aka ba ni ba.

Ni da Steinar 'yan tsibirin Karmøy ne, layi ɗaya, makarantar koyon tuƙin jirgi ɗaya. Ni na koya masa lissafin igiyar ruwa, kuma na fi shi maki a jarrabawa. Yau ga shi da zanen muƙami uku a kafaɗa, ni Oddvar ina nan da biyu shekara goma sha ɗaya. Ba na ɓoyewa, ƙyashinsa nake yi. Har dariyarsa haushi take ba ni, don kowa yana son ta.

"Mutumina, ka ƙara yanka mana," ya ce, yana turo mini faranti. "Ko tumbin ne matarka Solveig ta sa wa doka?"

"Sunanka ne a kai. Ka cinye abinka."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Cikin ayyukana akwai kula da na'urar awon iska mai kuka in ta ji guba, wadda ake zura wa tanki kafin mutum ya shiga, sannan ya rataya ta a ƙirji. Kowace safiya sai in fesa mata iskar gwaji daga wata 'yar kwalba. In ta yi kuka, tana da rai, sai in sa hannu a takarda. Shekara da shekaru ina yi, ba ta taɓa ƙin kuka ba. Da kwalbar ta ƙare, na ce gobe zan rubuta a aiko da wata. Goben nan ta kai mako uku, kullum ina sa hannu ba gwaji. A raina na ce na'urar da na sani kamar tafin hannuna, me zai same ta?

Washegarin kek muna tsaye a bakin tashar Bergen, ana yayyafi kamar kullum. An wanke tanki na uku, an hura masa iska, Steinar zai shiga ya duba wani bututu da ake zargin ya tsage. Ni ne mai tsaron bakin tankin da rediyo. Ya miƙo hannu, na ɗora masa na'urar. Ko kallon takardar bai yi ba. Bai taɓa yi ba, tunda daga hannuna take fitowa.

Ya zura ta da igiya, sama, tsakiya, ƙasa. Shiru. Lambar ba ta ko motsa ba.

Wannan rashin motsin ne ya sa na sha jinin jikina. Ko a tanki mai tsabta lambar takan ɗan yi rawa. Na buɗe baki, sai na tuna abin da zai biyo baya: takarda ashirin da ɗaya da sa hannuna na ƙarya, kyaftin, kamfani, kuma a gaban Steinar, mai kek. Na rufe bakina.

"Lafiya lau," ya ce, ya rataya ta a ƙirji. "In na daɗe, ka gaya wa kuku ya ajiye mini waina da cuku."

Ya juya baya ya kama tsani. Mataki ɗaya. Na ce a raina ai an hura iska awa goma sha biyu. Mataki biyu. Wani abu mummuna ya zo mini, kuma zan faɗe shi yadda ya zo: in ya ɗan jigata aka fito da shi, kwana dubunsa sun tashi a banza. Mataki uku. Hularsa ta fara nutsewa, ina ganin furfurar ƙeyarsa, inda na taɓa jifansa da ƙanƙara muna yara. Mataki huɗu.

"Steinar, fito."

Ya ɗago kai. "Me kuma?"

"Fito, na ce. Ban gwada na'urar ba. Mako uku ke nan."

Ya hauro a hankali. Ya kira ɗakin inji aka kawo tasu na'urar. Ya zura ta, tana kaiwa rabin tankin ta fasa kuka kamar jariri. Ashe bututun da ya tsage yana ta tsiyayar da ragowar mai a ƙasa. Da ya kai gindin tsanin, ba zai sake hawowa da ƙafarsa ba.

Muka tsaya cikin yayyafi, kukan na'urar na cika mana kunne. Ya kashe ta.

"Tun yaushe ka san ba ka gwada ba?"

"Na gaya maka, mako uku."

"Ba shi nake tambaya ba. Da na miƙo hannu ɗazu, ka sani?"

Na ce na sani.

"Mataki huɗu na taka, Oddvar. Na ƙirga." Ya share ruwan fuskarsa. "Ni na riƙe maka 'yarka Ingunn a coci ranar da aka yi mata baftisma."

Na so ya zage ni, ko ya kai mini naushi, da na samu sauƙi. Sai kawai ya naɗe igiya ya tafi wurin kyaftin.

Ba a kore ni ba. A rahotonsa Steinar ya rubuta cewa na yi sakaci da gwaji, kuma ni na tsayar da aikin da bakina, sannan ya ƙara cewa shi ma ya yi laifi da ya karɓi na'ura bai duba ba. Maganar mataki huɗu bai sa ta ba. Aka ba ni takardar gargaɗi, na san zane na uku ya tafi ke nan. Bayan wata biyu kamfani ya aika wa dukan jiragensa sabuwar doka: duk mai shiga tanki shi zai gwada na'urarsa da hannunsa. Ma'aikata suna ce mata dokar Steinar. Ko a nan ma shi ya samu suna, kuma ƙaryata ce in na ce bai ƙona mini rai ba.

Har yanzu muna jirgi ɗaya. Muna gaisawa, yana tambayar Solveig da Ingunn. Amma ya daina ce mini mutumina. Duk ranar shiga tanki nakan kawo na'urar in miƙa masa, shi kuma sai ya nuna mini tebur da haɓa. In ajiye, ya ɗauka, ya fesa mata iskar gwaji, ya jira ta yi kuka, ina tsaye ina kallo.