Atisayen Elsabe a Kan Raɓa

Ranar Laraba bayan an tashi daga wasa, Dulcie Fortuin, kyaftin ɗin tawagar mata a kulob ɗin wasan gangara ƙwallo kan ciyawa, ta ja Elsabe Kotze, wadda kowa ke kira Tannie, wato Gwaggo, bayan teburin shayi, ta faɗa mata magana ba kwana-kwana.

"Tannie, ƙwallonki ɗaya ya tsaya a rabin hanya, na biyu ya zarce ya faɗa ramin bakin fili. Ni da nake can ƙarshen fili ban san wanda zai iso ba. Saura mako shida mu tafi gasa a garin Graaff-Reinet. Asabar ta ƙarshe kafin tafiya za ki kara da Nomhle. Wadda ta ci, ita za ta riƙa buɗe mana wasa."

Shekara goma sha ɗaya Elsabe ke buɗe wa tawagar wasa. Ita ke shimfiɗa 'yar tabarma a kan ciyawa, ta gangara 'yar fara, ƙaramin ƙwallon da kowa ke neman kusanta, sannan ta aika manyan ƙwallayenta su kwanta kusa da ita. Nomhle kuwa ma'aikaciyar jinya ce da ta shigo kulob bara, ko farin takalmin kirki ba ta saya ba tukuna. Maganar ta yi wa Elsabe ciwo ƙwarai. Ta ce, "To, shi ke nan," ta ƙara sukari a shayinta.

Ta san maganin abin: atisaye ita kaɗai, har hannu ya san nisa da kansa. Abin da ba za ta iya ba shi ne a gan ta tana yi. Macen da ta yi shekara ashirin tana wasa a filin nan, ta tsaya tana jifa kamar 'yar koyo, mutane na zaune a baranda da giyarsu? Tana da mabuɗin ƙofa, don tana cikin kwamiti. Sai ta zaɓi ƙarfe shida na safe.

Kullum takan shimfiɗa hankici can gaba a madadin 'yar fara, ta dawo kan tabarma. Taku ɗaya, lilon hannu ɗaya, ta saki. Ƙwallo huɗu. Ta taka ta kwaso su, ta juyo ta ɗaya ɓangaren. Gwiwarta ta hagu na ƙara, ba ta kula ta ba.

A mako na biyu Gawie mai kula da fili ya same ta.

"Haba Tannie, duk kin tattake min raɓa. Wa ke wasa yanzu in ba zakara ba?"

"Kai dai ji da injinka na aske ciyawa."

"Ciyawar nan jiƙe take, riƙe ƙwallo take yi. In na aske ta ranar Asabar rana ta buge ta, santsi za ta yi kamar tebur. Ki riƙa zuwa da rana mana."

"Ni za ka koya wa fili? Ina wasa a nan kana makaranta da gajeren wando. In ranar ta zo, rage ƙarfi kawai zan yi."

Gawie ya ɗaga kafaɗa ya tafi wajen injinsa.

Atisayen kuwa ya yi aiki. A mako na huɗu ƙwallo uku na kwanciya kusa da hankici. A na shida, huɗun duka, ba ta ko tunani. Wasan Laraba ma ta daina zuwa, wai gwiwa, don kada a ga abin da ta tanada.

Ranar Asabar ƙarfe biyu, rana ta take, Gawie ya aske ciyawa tun hantsi. Mutane sun cika baranda. Nomhle ta gangara 'yar fara, ta aika ƙwallonta ya tsaya taku ɗaya daga gare ta, ba yabo ba fallasa.

Elsabe ta hau tabarma. Taku ɗaya, lilo ɗaya. Ƙwallon ya fita sumul, ya lanƙwaso yadda ake so, ya wuce 'yar fara ko waiwaye babu, ya kwanta taku huɗu a bayanta. Na biyu ya je ya jingina da na farko. Ta ce wa kanta ta rage, hannun bai ji ba. Na uku da na huɗu suka bi sahu. Huɗun suka taru wuri guda, tawul ɗaya zai rufe su, kuma ko ɗaya bai ci komai ba.

Wani tsoho a baranda ya ce, "Kai! Gawie, je ka matsar mata da 'yar farar can, ai ita ce ba ta tsaya daidai ba."

Daga nan ta fara rage ƙarfi da gangan. Da ta sa tunani a ciki, sai tsohon ciwo ya dawo: wannan ya gaza, wancan ya zarce. Da ta saki hannu ya yi abin da ya koya, sai su taru a baya. Haka aka yi ta yi har Nomhle ta kai maki ashirin da ɗaya ta cinye wasan, ita tana da takwas.

Dulcie ta zo ta dafa kafaɗarta.

"Nomhle ce za ta buɗe, Tannie."

"Ina da ido."

Tana goge ƙwallayenta tana sawa a jaka sai ga Nomhle, tana murza hula a hannu.

"Tannie, don Allah kada ki ji haushina. Huɗun nan na farko, ban taɓa ganin irinsu ba. Ni nawa sa'a ce kawai, tsoro nake ji kada in kunyata mu a Graaff-Reinet. Za ki nuna min? Ko wane lokaci kika ce, zan zo."

Elsabe ta dube ta. Haushin nata take ji, sosai ma. Ƙarfe shida na safe ya zo mata har bakin harshe, kuma ta san yarinyar za ta zo, ba za ta tambayi dalili ba.

Ta ja zif ɗin jakar.

"Gobe, ƙarfe biyu na rana," in ji ta. "Ki zo da hankici."