Ruwan Kwana Goma Sha Ɗaya

Ni ɗan jagora ne a gandun daji. Aikina in kai baƙi matsirga, wato inda ruwa yake zubowa daga kan dutse, in dawo da su lafiya. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce ga mai ƙafa. Baba ya yi aikin nan shekara talatin da ɗaya kafin idonsa ya tafi, sai ni da Yaya muka gaji aikin. Ban yi nisa a makaranta ba, amma duk saiwar da za ta iya kayar da mutum a hanyar nan na san inda take kwance.

Shekara uku ke nan ruwan yana janyewa. Can sama an buɗe manyan gonaki, an kafa injuna suna zuƙa ba dare ba rana. Abin da yake isowa gare mu bai fi famfon da aka manta ba a ƙulle sosai ba. Baƙi su sha wahalar hawa, su tarar da dutse yana hawaye, su harare mu kamar mu muka shanye.

Yaya ne ya samo dabara. A saman dutsen akwai wani matsattsen wuri da ruwan yake bi. Muka hau da buhunan yashi goma sha biyu da wani tsohon allon ƙofa, muka toshe. Ruwa ya taru tun Litinin, ranar Asabar Yaya ya zare allon. Ruwan yakan zuba na kusan minti ashirin da biyar, fari fat, kamar da. Waya ba ta kamawa a can, don haka da agogo muke aiki. In na bar ƙofar gandu ƙarfe takwas, shi zai zare tara da kwata. Baƙi na surutu, ba su san lokacin da ya fara ba. Su iso, su ɗauki hoto, in ce musu hadari na haɗowa, mu juya. Manajan gandun ya sani, ya kau da kai. Duk da haka takarda ta zo daga sama, an manna a ƙofa: ƙarshen wata za a rufe hanyar.

Baba bai san ko ɗaya ba. Kullum na dawo, yana kan tabarmarsa a bakin ɗaki, rediyo a gefen kunne, tambayarsa ɗaya ce.

“Auta, yaya ruwa?”

“Lafiya lau, Baba.”

Inna takan sunkuyar da kai ta ci gaba da wanke-wankenta.

Da ciwon ƙirjin da Baba yake fama da shi ya matsa, likita ya ƙara masa ƙwayoyi ya rage magana, sai Baba ya ce a kai shi matsirgar. Ya ce ba gani zai je yi ba, ji zai je yi, sau ɗaya ya ishe shi.

“Malam, da wace ƙafar?” in ji Inna. “Bayan gida ma sai an riƙe ka.”

“Ke da kika ƙi hawa tun kina amarya, ai ba ki da bakin magana.”

“Na ƙi ɗin. Ruwa dai ga shi a randa.”

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni da Yaya muka fita bayan gida muka tsaya jikin katanga.

“Mu gaya masa kawai,” na ce.

“Ka gaya masa me? Kai Hawainiya, kafin ka gama jera maganar ma mutumin ya suma. Mu tara masa mai yawa, ya ji, ya dawo da daɗinsa. Me ya rage masa ban da wannan?”

Ban iya musu da Yaya ba, tun muna yara. Muka hana baƙi Asabar ɗaya, muka ce ana gyaran hanya. Muka ƙara buhu shida. Kwana goma sha ɗaya ruwa yana taruwa, har ya yi kore a gefe-gefe. Muka zauna muka auna tafiyar Baba: awa biyu da rabi, har da hutu. Yaya zai zare allo goma da rabi daidai. Mun auna komai, har inda zan ba shi magani.

Ranar, Baba ya sa tsohuwar rigarsa ta aiki, wadda aljihunta ya yage. Ta yi masa yawa yanzu. Ya ƙi karɓar sandata, sai tasa. Ya ɗora hannun hagu a kafaɗata muka kama hanya.

Ni nake gaba amma shi yake jagora. “Saiwa,” zai ce, kafin in buɗe baki. “Nan ka bi dama, hagu akwai santsi.” Babu santsi, wurin ya bushe tun bara, amma na bi dama. A gindin babban dutse ya tsaya ya yi wa iska bayanin da yake yi wa baƙi, na shekarun dutsen da tsuntsun da ke kwana a raminsa. Ya shaƙi iska ya ce ta bushe da yawa. Na ce rani ne. Ya ce, “Hm.”

Hawa na biyu na goya shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan, abin ya ba ni tsoro. Yana bayana yana tsokanata wai jakin da ya taɓa haya ya fi ni sauri, kuma bai kai ni haki ba.

Goma da minti ashirin muka kai wata kwana mai faffaɗan dutse kamar benci. Daga nan saura tafiyar minti goma sha biyar ga mai lafiya. Na so mu wuce, sai ya matse mini kafaɗa.

“Sauke ni. Ka manta wurin saurare?”

A zamaninsa, a nan yake tsayar da baƙi ya ce kowa ya yi shiru, don daga nan ake fara jin ruwan. Mu mun daina tun da ruwan ya ja baya, har muka manta an taɓa yi. Mun saba da masu zuwa da ido. Duk lissafinmu na ido ne.

Ya zauna, ya cire hula, ya karkata kai. Na fara ba shi labarin wani baƙo da takalminsa ya ɓalle.

“Yi shiru, Auta.”

Na yi shiru. Babu komai sai ƙudaje da busassun ganye. Na kalli agogo, saura minti shida. Ban taɓa jin minti shida masu tsawon waɗannan ba. Baba ya juya ɗaya kunnen. Ya ce wataƙila iska ce take kaɗa ƙarar zuwa wancan gefen. Na ce wataƙila.

Sai aka ji ƙwas daga nesa, sannan ruwa ya ɓarke gaba ɗaya, ƙararsa ta cika kwarin.

Baba bai motsa ba. Na ga yatsunsa sun ƙanƙame hular.

“Tashi mu ƙarasa, Baba, ga shi can.”

“Zauna.”

Na zauna kusa da shi. Muka saurara tare. Da farko da ƙarfi, kamar shekarun da yake ɗora ni a wuya mu je. Can ya fara sirancewa. Ya koma kamar ana juye bokiti, ya koma kamar buta, sannan ɗis, ɗis, sai ƙudajen suka dawo. Minti talatin da huɗu. Bai taɓa daɗewa haka ba.

“Kwana nawa kuka tare shi?”

“Goma sha ɗaya.”

“Da me?”

“Buhunan yashi. Da allon ƙofa.”

“Ƙofar kicin ɗin da uwarku take ta nema?”

“Ita.”

Ya ɗan yi wani sauti, ban sani ba ko dariya ce. Ya tambayi tun yaushe, na gaya masa. Na gaya masa injunan, na gaya masa takardar da ke manne a ƙofar gandu. Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi.

Muna nan Yaya ya gangaro da gudu, wandonsa sharkaf, yana washe baki. Da ya gan mu a kan dutsen sai ya tsaya cak.

“Ba ku ƙarasa ba? Kai Hawainiya, wallahi kai dai...”

“Zo nan, Babba,” in ji Baba.

Yaya ya matso ya durƙusa. Baba ya lalubi ƙafar wandonsa, ya matse, ya kai hannun hanci.

“Ya yi wari,” ya ce. “Kwana goma sha ɗaya, duk abin da ke sha a ƙasa bai sha ba. Ku je ku kwashe buhunan nan. Ɗan abin da ya rage ku bar shi ya sauka.”

“Baba, in mun sake tarawa, ko na sati biyu...”

“Na ji abin da na zo ji. Ku kai ni gida.”

Yaya ne ya goya shi a dawowa. Har muka kai ƙofar gandu Baba bai ce saiwa ba, bai ce dama ko hagu ba.

Washegari muka kwashe buhunan. Na sauko da allon a ka, na mayar wa Inna, ya kumbura ya ƙi shiga mazauninsa, yana nan jingine a bango. Ƙarshen wata Manaja ya sa kwaɗo a ƙofar hanya, ya karɓi rigunanmu. Yaya ya samu aikin gadi a ɗaya daga gonakin can sama, shi yake kunna injin da safe. Ni har yanzu ina nema.

Da yamma nakan dawo in tarar da Baba a kan tabarmarsa, rediyon a kashe. In gaishe shi, ya amsa. Nakan ɗan tsaya ko zai yi tambayar, sai ya ce in miƙo masa maganinsa.