Ƙararrawar da Ba a Buga wa Auta Ba

Mijina ne ke buga ƙararrawar majami'armu tun kafin ya aure ni. Har sunansa ya ɓace, kowa Mai Ƙararrawa yake ce masa, ni ma in raina ya ɓaci haka nake kiransa. Mutum ne da sai ka matsa masa yake magana, amma in ka taɓo zancen ƙarfen nan, to nemi wurin zama.

Bugu iri biyu ne a wurinmu. Akwai na kiran sujada, da sauri da sauri, wanda ke nufin Ubangiji na kira, a ajiye abin da ake yi a zo. Akwai kuma na rasuwa: a buga sau ɗaya, a jira sai amon ya mutu sarai, sannan a sake. Duk ɗan ikilisiyar da ya ji wannan, ko yana tsakiyar ciniki ne, sai ya tsaya ya sunkuyar da kai ya yi addu'a, tun bai san wa ya tafi ba. Mijina yakan ce wannan bugun shaida ce, ikilisiya ce ke gaya wa sama cewa mai zuwan nan namu ne, a buɗe masa. Ni kuwa na yarda da maganar har cikin ƙashina, shi ya sa nake shan wahalar da nake sha.

Autanmu bakanike ne. Hannunsa na da kyau a aiki, bakinsa kuma ya saba da kwalba. Wata Lahadi ya shigo sujada a buge, ya tsaya gardama da mai wa'azi a gaban jama'a, dattawa suka sa shi a horo. Horo shi ne a mayar da kai bencin baya kusa da ƙofa, ba ka cin jibin Ubangiji, sai ranar da ka tashi a gaban ikilisiya ka nemi gafara. Ya ɗan zauna a bencin yana wasa da makullin babur, daga baya ya ɗauke ƙafa. Duk sanda na yi masa magana sai ya ce, "Mama, zan je, bari in gama motar nan." Motoci kuwa ba sa ƙarewa a gareji.

Yana kwance a ƙarƙashin wata mota, jak ɗin da ya ɗaga ta ya zame, ta danne shi. Abokan aikinsa suka kawo mana shi da baƙin mai a hannuwansa, ni na goge masa.

Ko ɗankwali ban ɗaura daidai ba na nufi ofishin Fasto. Ya ja mini kujerar roba, ya kashe fanka don mu ji juna.

"Baba Fasto, a buga wa ɗana ƙararrawa."

"Mama, za mu zo gida mu yi addu'a, za mu raka shi makabarta. Amma kin san ƙa'ida. Ba a buga wa wanda ya rasu a cikin horo."

"Ya ce mini zai dawo."

"Na yarda ya faɗa. Allah ne ya san zuciya. Ki kwantar da hankalinki, ba ƙarfe ne ke buɗe sama ba."

"To in ba ya buɗe komai, me zai ragu in an buga masa?"

Ya ce dattawa ba za su yarda ba. Ba mugun mutum ba ne, har da ƙwalla a idonsa, amma bai motsa ba.

Na dawo gida na sami mijina a bakin gado. Makullin ɗakin ƙararrawa na rataye a ƙusa, saman kansa.

"Baban Auta, makullin nan a hannunka yake."

"Ƙararrawar ba tawa ba ce."

"Ɗan fa naka ne."

"Shaida ce, Maman Auta. Ikilisiya ba ta ba ni shaidar ba. In na buga, na yi wa sama ƙarya."

A ranar babu abin da ban faɗa masa ba. Na tuna masa ya buga wa mutumin da ya karya wa matarsa hannu, ya buga wa mai shagon maganin da kowa ya san abin da yake sayar wa yara, don kawai sun mutu a bencin gaba. Na ce masa ƙarfen ya aura, ni rakiya na yo. Haka aka binne Auta shiru, mutane na ta harkokinsu a titi, ba wanda ya tsaya.

Da Lahadi ta zo na ƙi zuwa sujada. Ya ɗauki makulli ya fita, ni kuma na shiga ɗakin Auta ina ninke kayan aikinsa. Ina cikin ninkewa na ji bugu ɗaya. Na jira na biyu ya biyo da sauri, bai biyo ba. Sai da amon ya mutu sarai sannan aka sake.

Na fito ƙofar gida ba takalmi. Maƙwabciyata ta tsaya cak da bokiti a hannu, kanta a sunkuye. Telan layinmu, da ke hanyar majami'a, ya cire hula a tsakiyar titi. Na durƙusa a bakin ƙofa ina cewa, namu ne, Ubangiji, namu ne, ka buɗe masa. Tun da yaron ya rasu sai a lokacin na yi kuka irin na mai rai.

Ba a tashi daga sujada ba mijina ya dawo, hannunsa ba makulli. Ya ce dattawa sun karɓe. Na kawo masa ruwa, na durƙusa a gabansa, abin da na daɗe ban yi ba.

"Na gode, Baban Auta. Ka yafe mini maganganun da na yi maka."

Ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Ban buga masa ba."

"Da kunnena na ji."

"Kiran sujada na je yi. Na ja igiyar, kafaɗata ta ƙi. Tun ranar da abin ya faru ban ci abin kirki ba. In na ja ɗaya sai na jingina da bango na huta kafin in iya sakewa. Ina ta ƙoƙarin in yi sauri."

"Ka faɗa wa dattawa haka?"

"Na faɗa. Wasu ba su yarda ba."

"To ni ma ka bar ni kada in yarda."

"Ba zan yi miki ƙarya ba."

Na tashi na zauna a kujera. Na ce masa ko ma yaya ne, mutane sun tsaya, sun yi addu'a, na gan su da idona, wannan ba mai iya gogewa.

"Sun yi," in ji shi. "Da suka taru suna tambayar wa ya rasu, sai Fasto ya hau bagade ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, kuskure ne, babu wanda ya rasu."