Ƙarfen da Kawu Oddvar Ya Gyara

Ragnhild na rufe kwalba ta goma sha takwas, yatsunta sun ƙage don sanyi, sai ta lura yau ƙarfen ɗibar laka bai ba ta wahala ba. Kullum sai an yi dambe da shi kafin ya buɗe baki. Yau kuwa tun safe sumul yake nutsewa ƙasan teku, ya cafko laka ya dawo.

Shekara biyu ke nan da hana kamun ƙaguwa a wannan lungu na teku, inda bututun matatar mai ke zubar da ruwa. Matata ta ce ruwanta tas yake. Masunta suka ce ƙarya ne, lakar ƙasa ta yi baƙi, tsutsotsin da ƙaguwa ke ci duk sun mutu. Kotu ta ce a kawo shaida ranar Juma'a ko a rufe maganar, ga shi gwajin lakar kansa kwana uku yake ci, yau kuma Talata. Ragnhild ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce a birnin Bergen, ita ta yarda ta ɗebo lakar a jirgin kawunta Oddvar, wanda ya shekara arba'in yana cin abinci da ƙaguwar nan.

Ta shafa cikin ƙarfen, ta sansana yatsa. Warin mai ta ji.

"Kawu, me ka yi wa abin nan?"

Tsohon ya washe baki. Wai jiya ya gan shi duk tsatsa, shi kuwa ƙarfe mai tsatsa bai taɓa hawa jirginsa ba, shi ya sa ya zauna ya mulke shi da baƙin man inji, ciki da waje. Ya ƙara da cewa su 'yan boko ba su san darajar kayan aiki ba.

Takaici ya ishe ta, har ta rasa ta inda za ta fara. Ta yi masa bayani dalla-dalla: mai suka zo nema a cikin laka, shi kuma ya zuba wa kowace kwalba nasa. Wanke ƙarfen sai an koma Bergen, ke nan babu lokacin sake ɗebo laka a gwada kafin Juma'a.

Oddvar ya juya yana kallon hayaƙin matata.

"To, 'yar nan, ba mai ake nema ba? Kai wa kotu haka. Daga ni sai ke muka sani."

Ta san matatar ce ta kashe wurin, ko tantama ba ta yi. Amma sunanta ne zai hau takardar sakamakon gwajin. Ta daɗe riƙe da kwalbar, tana jin haushinsa, tana jin tausayinsa. Sannan ta buɗe murfin ta juye a teku, ta ɗauki ta biyu.

Maiƙo ya taso yana sheƙi a kan ruwa. Tsohon ya leƙa.

"Wannan nasu ne ko nawa?"

"Yanzu kam, Kawu, ba wanda zai taɓa sani."