Izinin Kashe Kyandir

Shekara goma sha tara Thaddeus yana riƙe da ɗakin rajista a wata hukumar gwamnati da ke tsakiyar Abuja, kuma ba wanda ya taɓa jin ya ce wa mutum "an gama, jeka." Ko biro ka zo aro, sai ya dube ka ta saman tabarau kamar mai tunanin lambar fayil ɗin da ta dace da kai.

Lokacin farar hula sun dawo mulki, mai ya yi daraja, ko'ina ka waiga gini ake ɗagawa, kowa ya rataya wayar salula a ƙugu. Hukumarsu ma ta bar gidan haya ta tare a sabon bene mai hawa takwas. Rajista tana can ƙasa, maƙwabciyar janareta.

To, cocin su Thaddeus na Mararaba yana da wata al'ada. Ranar Ista ake kunna wani ƙaton kyandir, a riƙa kunna shi a kowace sujada har kwana arba'in. Ranar Alhamis ta Hawan Yesu zuwa Sama, da tsakar rana, da an gama karatu sai dattijo ɗaya ya fito gaban jama'a ya hure shi. Dattawan su goma sha ɗaya ne, bi da bi suke yi. Bana layi ya zo kan Thaddeus. Shekarunsa hamsin da huɗu, ga hawan jini, ga tumbin da ya girma tare da babban birnin tarayya. Ya san idan wannan ta wuce shi, ba lallai a sake samunsa da iskar hure ko ashana ba. Mai bi masa a layi kuwa Enoch ne, wani dogo mai sayar da tayil, wanda tun Ista yake tambayarsa lafiyar ƙirjinsa.

Matarsa Magdalene ta ce, "Baban Treasure, ka shiga wurin Oga Abdulmajeed ka ce masa ranar Alhamis kana da coci. Magana ɗaya ce."

"Da baki?" in ji Thaddeus. "Ni da nake koya wa mutane bin hanya?"

Saura kwana goma ya ɗauko sabon fayil, ya ba shi lamba, ya rubuta takardar neman izinin fita na awa huɗu, ya buga hatimin karɓa da hannunsa, ya aika hawa na biyu.

Oga Abdulmajeed, mataimakin darakta, ya sauko da kansa yana riƙe da fayil ɗin kamar an ba shi jaririn wani.

"Haba Malam Thaddeus! Da ka tare ni a bakin ƙofa ka faɗa mini, ai da na ce Allah ya kiyaye hanya. Yanzu ka ba abin lamba. Abu mai lamba kuma ya fi ƙarfina, sai ya hau sama. Kuma bikin nan ba ya cikin jerin hutun gwamnati, dole ka haɗa da bayanin ma'anarsa da asalinsa."

Wani zai ji haushi. Thaddeus daɗi ya ji. Ya zauna ya cika shafi biyu, kowane sakin layi da lambarsa. Ya rubuta cewa bayan Yesu ya tashi daga matattu, kwana arba'in ya yi yana bayyana ga almajiransa, yana ci da su, yana koya musu. A rana ta arba'in ya fita da su Dutsen Zaitun, gabas da Urushalima, ya sa musu albarka, ya ce su jira Ruhu Mai Tsarki, sa'an nan aka ɗauke shi suna gani har gajimare ya rufe shi. Ya ƙara da cewa Kiristoci suna kiyaye ranar tun ƙarnonin farko. Ya karanta abin sau uku, ya ga ko Rabaran bai taɓa tsara shi haka ba.

Fayil ya hau hawa na huɗu. Malam Manniru na sashen ma'aikata ya tambaya da jan biro: me ya sa sai Alhamis, ba za a iya lallaɓa bikin ya koma Lahadi ba? Thaddeus ya amsa cewa duk wanda ya ƙirga arba'in daga Lahadin Ista, a kan Alhamis zai sauka, ko shi wane ne. Wasu coci-coci suna matsar da shi, amma Rabaran ɗinsu ba ya matsar da ko benci.

A hawa na shida fayil ya faɗa hannun Philip na sashen tsare-tsare, Kirista ɗan'uwansa, wanda Thaddeus ya sa rai zai tura shi gaba nan take. Philip ya kwana biyu da shi, sa'an nan ya ba da shawarar a kafa kwamitin mutum biyar su je Dutsen Zaitun su gane wa idonsu. Ya sa sunansa a farko.

Ranar Laraba da yamma fayil ya shiga hawa na takwas, ofishin darakta Hajiya Safiyatu, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Alhamis Thaddeus ya zo aiki cikin farar babbar riga mai sitaci. Tara ta yi, goma ta yi, yana zaune yana kallon silin. Sai wayar ƙugunsa ta yi ƙara.

"Kana ina?" in ji Magdalene. "'Yan'uwana sun iso daga Abaji. Enoch ya zauna a bencin gaba, yana ta jan numfashi yana saki kamar mai shirin dambe."

"Fayil bai sauko ba."

"To kai ka hau mana!"

Lif ɗin ginin sabo ne fil, amma an ɗaure ƙofarsa da ƙyalle mai launin tuta, ana jiran babban baƙon da zai zo ya yanka. Thaddeus ya tattare riga ya kama matakala. A hawa na uku ya tuna da likitansa. A na biyar ya yafe wa duk wanda ya taɓa ɓata masa rai, ban da Philip. Ya isa na takwas sitaci ya zama koko.

Hajiya Safiyatu tana zaune, fayil ɗinsa buɗe a gabanta.

"Kai ne marubucin? Zauna kafin ka faɗi mini a kan kafet. Na karanta tun jiya. Mu ma a wurinmu Allah ya ɗaukaka Annabi Isa, alaihis salam, zuwa gare shi, sai dai mun sha bamban a kan abin da ya faru kafin nan. Amma akwai inda ban gane ba. Ka ce ranar murna ce. Wa yake murna ta hanyar kashe fitila?"

"Ranki ya daɗe... zan sauka in tsara amsa a takarda."

Ta dubi agogon bango. "Sha ɗaya saura kwata. Faɗa da baki."

Thaddeus ya laluba aljihu, ba biro, ba takarda. Ya share gumi. Maganar ta fito masa a karkace, ba lamba, ba sakin layi.

"Hajiya, kwana arba'in ɗin nan yana tare da su. Kome ya taso, sai su juya su dube shi. Shi ya sa kyandir yake ci. Ranar nan ya koma wurin Uba da jikinsa irin namu, wato ɗan Adam ma ya sami wuri a can, murnar ke nan. Amma ido ya daina ganinsa. Suka tsaya suna ta kallon sama, baki buɗe, har aka aiko musu mutum biyu masu fararen kaya su ce tsayuwar ta isa, zai dawo. Sai suka koma gari. Aikin ya zama nasu, Hajiya. Ba sauran wanda za su tura wa, su zauna suna jira."

Hajiya ta yi dariya har ta cire tabarau. "Wannan ya fi shafi biyun nan naka." Ta ja biro ta rubuta an amince.

Thaddeus ya miƙa hannu. "Sai fayil ɗin ya bi ta hawa na shida, da na huɗu, da na biyu, kafin rajista ta..."

Ta jefa fayil ɗin cikin durowa ta murɗa makulli. "Malam Thaddeus, tashi ka tafi."

Ya sauko hannu rabbana, yana jin kamar ya fito ba wando. A bakin titi ya tare ɗan acaɓa, abin da ya sha yi wa ƙananan ma'aikata faɗa a kai. Suka kutsa cunkoson Nyanya, riga tana kaɗawa, yana riƙe da hula da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya cafke ƙugun ɗan acaɓan. A kwanar cocin wata tifa ta juye yashi ta toshe layi, sai ya sauka ya ƙarasa da gudu, irin gudun da rabonsa da shi tun makarantar firamare.

Ya tarar Rabaran yana jan layin ƙarshe na karatu, kalma ɗaya-ɗaya, yana leƙen ƙofa. Enoch ya riga ya miƙe, amma Magdalene ta tsaya a bakin bencinsa tana gyara ɗaurin ɗankwali da gwiwar hannu a buɗe, ta ƙi gamawa.

Thaddeus ya wuce su, ya hau ɗan akwatin da aka ajiye gaban kyandir. Coci ya yi tsit. Ya tattara baki ya hura.

Harshen wutar ko gezau bai yi ba.

Ya sake hurawa. Wutar ta ɗan rusuna kamar mai gaisuwa, ta miƙe abinta. Daga bayansa Enoch ya yi gyaran murya mai ƙarfi, irin wanda da yana kusa da kyandir ɗin da ya gama aikin.

Rabaran ya matso ya raɗa masa, "Dattijo, huta tukuna. Yesu kansa sai da ya yi kwana arba'in kafin ya tafi."

Thaddeus ya dafa ƙirji, ya jira har bugun ya lafa. Ya ja iska tun daga tafin ƙafa, ya hura. Wutar ta mutu, wani siririn hayaƙi ya miƙe ya nufi rufin kwano, mata suka ɗauki guɗa, jama'a duka suka ɗaga kai suna binsa da kallo.

Shi dai bai ga hayaƙin ba. Yana duƙe, hannu bibbiyu a gwiwa, yana murmushi yana neman wanda zai sauko da shi daga kan akwatin.