Furfurar Baba

"Wannan ba ubana ba ne."

"Haba Auta, rage murya mana. Ba a gida muke ba."

"Na ce ba shi ba ne, Yaya! Wa ya yi masa wannan aika-aikar?"

Suna tsaye ne a ɗakin shirya gawa da ke bayan asibiti, ɗaki mai sanyi da warin magani, akwatin a buɗe bisa tebur. Motar da za ta kai shi coci tana waje tana jira. Auta ta sake leƙawa, zuciyarta na tafasa. Gashin mutumin da ke kwance baƙi ne wuluk. Fuskarsa ta sha hoda har ta yi sumul kamar bangon da aka gama yi wa filasta, an goga wa leɓensa wani abu ja-ja, an cusa hannuwansa cikin farar safa.

Baba kuwa mai walda ne. Tartsatsin wuta ya yi masa zane tun daga yatsu har gwiwar hannu, kansa fari fat tun tana 'yar firamare. Da waɗannan hannuwa masu kaushi yake riƙe littafin waƙa ran Lahadi, yana rerawa da muryar da ba ta taɓa hawa daidai ba, ko a jikinsa.

Mai gyaran gawar ya matso yana goge hannu da tawul, fuskarsa cike da alfahari.

"Ƙanwata, ai aiki ya yi kyau. Yayanki ya kawo hoton ranar aurensu, ya ce in mayar da shi haka. Kin ga na mayar miki da tsoho ango."

"Ango!" Ta juya kan yayanta. "Angon wa? Mama za ta zo ban kwana da mijinta, sai ka miƙa mata baƙo?"

"Mutane za su cika cocin nan," in ji Yaya, yana gyara wuyan rigarsa. "Abokan aikina ma za su zo. So nake duk wanda ya leƙa ya ce kamar barci yake yi."

"Ba barci yake yi ba, mutuwa ya yi! Faɗi kalmar mana, ai ba cizo take yi ba."

Ya kau da kai. Da ya sake magana, muryarsa ta dushe. "Ba ki ga yadda ciwon nan ya mayar da shi ba? Ni ba zan iya kallon wannan fuskar ba, Auta."

Tausayinsa ya taso mata, amma fushin ya fi ƙarfi. Yana nufin ita ba ta ga ciwon ba? Ita da ke ba Baba abinci da cokali, tana juya shi a gado, tana aske masa gemu? Ko sau ɗaya Baba bai ji kunyar ramarsa ba. Ranar da likita ya gaya musu gaskiya ma dariya ya yi, ya ce jikin nan tsohon ƙarfe ne, ya sha wuta ya sha guduma, Mai shi zai narkar da abinsa ya ƙera sabo.

"Yaya, da mutuwa ce ƙarshen magana, da ni ma na taya ka shafa hodar, mu ruɗi kanmu. Amma me muke furtawa kowace Lahadi? Almasihu ya tashi, Baba ma zai tashi. Sabon jikin da aka yi masa alkawari ba daga kwalbar bawan Allahn nan zai fito ba. Ƙasa ce za ta koma ƙasa, mene ne abin ɓoyewa? Mu da ke da bege, mu ne kuma za mu fi kowa tsoron fuskar mamaci?"

"Lokaci ya ƙure. Fasto na jira."

Ta miƙa hannu ta shafi goshin Baba har zuwa gashinsa, sanyinsa ya ratsa ta har ƙirji. Ta dubi yatsunta: baƙi ya kama su. Ashe abin na shafawa ne, yana fita. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ta zare safar hannun ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye a gefe, ta naɗe hannun rigarta.

"Malam, kawo mini ruwan ɗumi da sabulu. Yaya, fita ka ce wa direba ya kashe mota. Fasto ya jira, coci ta jira. Ni zan wanke ubana da hannuna, kuma da fuskarsa zai fita daga ɗakin nan."